Sojan Darma a Kan Tebur: Tarihin Fenti da Dakali a Wasan Yaƙi

Gabatarwa

Na san duk wanda ya ga kan wannan maƙala zai ce, to, yau kuma wasan yara aka kawo mana cikin mujallar Ƙungiya? Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe, in ya so sai a yanke mini hukunci. Ni ma da fari kallon wasan yara na yi wa abin.

Wani abokina ne da ya komo daga ƙaro ilmi a Ingila ya kawo mini tsarabar wani ɗan akwatin kwali. A ciki akwai 'yan sojojin roba guda 40, kowanne tsawonsa wajen milimita 28, watau bai kai ɗan yatsa ba. Siffar Ansaru ce, mayaƙan Mahadin Sudan, wani kamfani mai suna Perry Miniatures ya yi su. Ba fenti a jikinsu, kawuna da hannuwa daban suke, sai mutum ya harhaɗa da gam. Abokin nawa ya haɗo mini da 'yan kwalaben fenti da buroshi mai baki kamar allura, ya ce sauran aiki nawa ne: in shafa musu launi, sa'an nan in kafa kowanne a kan ɗan faifan da zai tsaya a kai. Wannan faifai shi zan riƙa kira dakali a cikin maƙalar nan.

Hutu guda na yi ina fama. Da na gama sai na jera su a tire, na kai wa wani malaminmu na tarihi wanda ya taɓa zama a Omdurman, na ce masa ga mayaƙan Karari na 1898. Ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya, ya ce, “Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma waɗannan ba su taɓa ganin Karari ba. Wannan kore shar ɗin da ka shimfiɗa musu a ƙafa ciyawar Ingila ce. Filin Karari yashi ne da tsakuwa da 'yan ƙayoyi. Jibbar ma ka yi mata faci barkatai, wannan kuwa ta farkon Mahadiyya ce. A zamanin Halifa Abdullahi an riga an tsara facin, na dama daidai da na hagu.” Kunya ta kama ni, amma daga nan na gane cewa mai riƙe da buroshin nan tarihi yake rubutawa, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa na shiga bin diddigin wannan sana'a.

Tun kafin a yi wasan

Sassaƙa ɗan soja a shafa masa launi a kafa shi a kan katako tsohon abu ne, kuma a nan Afirka aka sami ɗaya daga cikin misalansa mafi daɗewa. A ƙarshen ƙarni na 19 an tono kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut ta ƙasar Masar, wanda ya rayu wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki aka tarar da rukuni biyu na sojojin itace, kowane rukuni mutum 40, an jera su sahu-sahu a kan allo guda. Rukunin farko Misirawa ne masu masu da garkuwa, na biyu kuwa Nubawa ne 'yan baka. An zana wa garkuwoyin dabbare-dabbare irin na fatar saniya. Waɗannan kayan kabari ne, ba a yi su don wasa ba. Duk da haka abubuwa biyun da nake magana a kansu sun bayyana tun a can: launi yana faɗin ko wane ne sojan, allon kuma yana faɗin yadda ya tsaya a cikin sahu.

Asalin dakali: wasan hafsoshin Furusiya

Wasan yaƙi na kan tebur a ƙasar Jamus ya tsiro. A 1780 wani malami mai suna Johann Hellwig, wanda ke koyar da 'ya'yan sarauta a Braunschweig, ya faɗaɗa darar ces ya mai da gidajenta 1,617, ya ba gidajen launuka don nuna dutse da ruwa da daji. Amma yaƙin gaskiya ba gida-gida ake tafiya ba, don haka abin bai gamsar da sojoji ba.

Wani mutumin Furusiya, Georg Leopold von Reisswitz, shi ya watsar da gidajen dara. A 1812 ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani tebur mai ɗauke da guntayen ƙasa da ake jerawa su ba da tudu da kwari da kogi. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Sunan wasan Kriegsspiel, watau wasan yaƙi da Jamusanci. Ana yin sa a kan taswirar gaske mai ma'aunin 1 bisa 8,000, kowane zagaye yana matsayin minti biyu na faɗa, akwai alƙalin wasa, kuma ana jefa 'ya'yan lido don a san ɓarnar da harbi ya yi. Da shugaban hafsoshi Janar von Müffling ya ga an gwada, sai ya ɗauke shi a matsayin horon yaƙi, ya ba da shawara a rarraba shi ga rundunoni.

Abin lura a nan shi ne, babu siffar mutum a wasan Reisswitz. Guntayen darma ne masu kusurwa huɗu, ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Amma an yanka kowane guntu daidai da faɗin filin da bataliya za ta cinye a kan taswirar in ta ja sahu. Ashe guntun ba ado ba ne, ma'auni ne. Wannan tunani shi ne kakan dakalin yau. Bayan Furusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka yi rububin koyon wasan. A Ingila wanda ya fitar da dokokinsa a 1872 shi ne Kyaftin Evelyn Baring, wanda daga baya ya zama Lord Cromer, mai riƙe da ragamar Masar a madadin Ingila. A 1873 kuma aka kafa ƙungiyar wasan a Jami'ar Oxford, ya fita daga bariki ya shiga hannun ɗalibai irinmu.

Asalin fenti: maƙeran Nuremberg da Landan

Shi kuwa ɗan sojan mai siffa, ta wata hanya daban ya biyo. A birnin Nuremberg, cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 18, iyalin Hilpert suka shahara da zuba 'yan siffofi na kuza gauraye da darma. Sukan sassaƙa siffar a jikin allunan dutse guda biyu, su haɗe su, su zuba narkakken ƙarfen. Abin da ke fitowa shafal yake kamar kwabo, sai dai yana da ɗan gindin tsayawa. A 1839 Ernst Heinrichsen ya kafa masana'antarsa a birnin, kuma ita ta sa tsawon milimita 30 ya zama ma'aunin da aka fi bi. Aikin fenti kuwa mata da yara ake ba wa su yi a gidajensu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Har yanzu a gidan tarihi na Plassenburg da ke garin Kulmbach akwai irin waɗannan siffofi fiye da 300,000.

Jamusawa da Faransawa suka riƙe kasuwar har 1893, lokacin da William Britain ƙarami ya ɓullo da wata dabara a Landan. Sai ya zuba darma a mazubi, kafin ta daskare duka ya juye na tsakiya, ya bar ɓawo kawai. Soja ya fito da rami a ciki, ga sauƙin nauyi ga arha. Tsawon nasa milimita 54 ne, an shafe su da fenti mai ƙyalli, kumatu jajaye, dakali kore. Kamfanin Britains ya yi ta fitar da rundunonin daular Ingila ɗaya bayan ɗaya, tare da waɗanda daular ke yaƙa, irin su Zulu da Buwa na Afirka ta Kudu. Yaron Ingila ya san kayan kowace runduna tun bai iya karatu sosai ba.

Haɗuwar hanyoyin biyu

Marubuta ne suka haɗa wasan hafsoshi da sojan yara. Robert Louis Stevenson ya yi ta yaƙin sojan darma da agolansa a Davos ta ƙasar Suwizalan a farkon shekarun 1880. Amma wanda ya buga dokoki kowa ya samu shi ne H. G. Wells, a littafinsa Little Wars na 1913. A wasansa dakaru kan yi tafiyar ƙafa ɗaya a zagaye, mahaya ƙafa biyu, da igiya ake aunawa. Harbi kuwa na gaske ne: wata 'yar igwa ce ta kamfanin Britains mai sifirin, tana cilla guntun itace, wanda ya faɗi ya mutu. Wells ba mai son yaƙi ba ne. Ra'ayinsa shi ne duk wanda ya yi ƙaramin yaƙi sau uku ko huɗu zai gane irin wautar da ke cikin babban. Shekara guda bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, yaran da suka yi wasan da yawansu ba su komo gida ba.

Akwai abin da wasan Wells ya hana. Muddin jifan soja ake yi da itace, ba mai ɓata kwana uku yana ƙawata shi, domin harbi ɗaya zai ɓare fentin. Haka kuma ba a iya manna sojoji da yawa a dakali ɗaya, tun da ana son kowanne ya faɗi shi kaɗai. Sai da aka ajiye igwar aka komo ga 'ya'yan lido irin na Reisswitz, sa'an nan fenti da dakali suka sami sarari.

Wannan ya tabbata ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka Jack Scruby ya fara zuba sojoji masu arha musamman don 'yan wasa, ya kuma kafa mujallar War Game Digest a 1957. A Ingila Donald Featherstone, tsohon sojan tankar yaƙi mazaunin Southampton, ya buga littafinsa War Games a 1962. A daidai lokacin kamfanin Airfix ya cika kantuna da ƙananan sojojin roba, akwati ɗaya da kuɗin kashewar ɗan makaranta, kuma ba fenti a jikinsu. Kamfanin Britains ma ya daina zuba sojan darma mai rami a 1966, saboda roba ta ci kasuwa ga kuma tsoron gubar darma ga yara. Daga nan aikin da matan masana'anta ke yi ya koma hannun mai wasa. Tun da shi zai shafa launi, tilas ya nemi sanin launin. Aka koma ga zane-zanen kayan soja irin na Bajamushe Richard Knötel, wanda ya fara fitar da nasa a 1890, kamfanin Osprey kuma ya soma jerin littattafansa na Men-at-Arms a farkon shekarun 1970, kowanne da shafukan zane masu launi.

Dakali ya zama doka

A 1969 Phil Barker da abokansa suka kafa Wargames Research Group, suka fitar da dokokin yaƙe-yaƙen zamanin da. A tsarinsu siffa ɗaya tana wakiltar mutum 20, kuma an ƙayyade faɗin da za ta ci a dakali. Alal misali, ga siffofi masu tsawon milimita 25, dakaru masu matse sahu kowanne milimita 15, masu sassauci 20, 'yan sari-ka-noƙe kuwa 30. Da suka fitar da wasan De Bellis Antiquitatis a 1990, sai suka mai da runduna dakali 12 kacal, kowanne faɗinsa milimita 60 ga manyan siffofi, 40 ga ƙanana. Mai karatu zai ga lissafin: a kan milimita 60 masu matse sahu huɗu za su shiga, masu sassauci uku, masu warwatsuwa biyu. Da kallo ɗaya abokin karawarka ya san irin mayaƙan da ke gabansa. Wannan guntun darmar Reisswitz ne ya dawo, sai dai yanzu an ɗora masa mutane.

Wani reshe kuma ya bar tarihi ya shiga tatsuniya. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka buga Chainmail a Amurka, da ratayen dodanni da matsafa, daga nan aka haifi Dungeons & Dragons a 1974. A Landan aka kafa Games Workshop a 1975, ta haifi Citadel Miniatures, ta fitar da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. A shekarun nan ne fenti mai narkewa da ruwa ya ture mai ƙyalli, domin yana bushewa da wuri kuma ba ya bukatar kananzir ko tina. A 1987 aka fara gasar fenti ta Golden Demon, har aka sami masu fenti da ba sa ma yin wasan. Da kamfanin ya sauya wasansa na Warhammer a 2015, ya bar dakali mai kusurwa huɗu ya koma mai da'ira, mutane da yawa sai da suka ɓamɓare rundunoninsu suka sake kafawa, aka yi ta gunaguni. Dalili kuwa shi ne mai kusurwa na sahu ne, mai da'ira na mayaƙin da ke tafiya shi kaɗai.

Yadda ake aikin

Bari in ɗan faɗi yadda na sake nawa. Da farko akan kankare layin da mazubi ya bari da 'yar wuƙa, a wanke siffar da sabulu don fenti ya kama. Sai a yi shafen fari, baƙi ko fari ko toka, wanda sauran launuka za su zauna a kai. Sa'an nan a sa manyan launuka, a tsinka fentin da ruwa, gara shafi biyu marasa kauri da ɗaya mai kauri wanda zai toshe idanu da ninkin riga. Bayan haka a bi da wani fenti mai duhu, tsararo kamar ruwan shayi, ya gangara cikin lunguna ya ba da inuwa. Daga nan a goge buroshi har ya kusa bushewa, a shafa launi mai haske a kan tudun riga da ƙashin fuska. Dalilin duk wannan shi ne abu ƙarami ba ya yin inuwar kansa yadda ido zai gani, sai an ƙara masa. A ƙarshe a shafa mai don kare fentin daga hannu.

Dakali kuwa, gam ɗin kafinta ake shafawa, a tsoma cikin yashi, in ya bushe a yi masa launin ƙasar da ake nufi, a manna 'yan tsakuwa da ciyayi. Ni na kankare ciyawar Ingila, na ɗebo yashin bakin rafi na tankaɗe, na gutsuttsura tsintsiya ta zama ƙaya. Da na koma wa malam ya ce, “Yauwa, yanzu sun iso gida.”

To, ina namu?

Ga inda maganar ta shafe mu. A Karari ran 2 ga Satumba 1898 an kashe Ansaru fiye da 10,000, alhali waɗanda suka mutu a ɓangaren Ingila da Masar ba su kai 50 ba. Ina riƙe da ɗan Ansarin roba ina zana masa ido, sai na tuna cewa shekara biyar bayan haka irin wannan rana ta same mu: Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris, Burmi ran 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama. Yaƙe-yaƙen mulkin mallaka fanni ne mai zaman kansa a wasan nan, da dokokinsa irin su The Sword and the Flame na 1979. Watau wani yana can a tebur yana jera kakannin wasu.

Na tambayi kaina, da zan kafa mayaƙan Kano na 1903, yaya zan yi musu fenti? Baturen da ke fentin sojansu ya san har launin maɓalli. Ya san cewa a faɗan Ginnis na 1885 a Sudan aka yi wa jar riga bankwana a fagen fama. Ni kuwa me na sani? Na san daga Tarihin Kano cewa Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Na ga zanen mahayan Barno da Bagarmi a littafin Denham da Clapperton na 1826. Na karanta littafin Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato. Na kuma ga 'yan lifida a hawan Salla. Amma yadin da ake ɗinka lifidin hawa da shi yau na kanti ne, ba lalle ya zama launin da baba da karan dafi suka bayar a wancan zamani ba. Rigar ɗan baka fa, da ta barde? Layu a ina ake ɗaura su? Garkuwa fatar me ce, wane zane ke jikinta? In an zo ga dakali, mutum nawa ne a sahun 'yan lifida, kuma ina 'yan bindiga ke tsayawa? Waɗannan tambayoyi ne na tarihi zalla, buroshi ne kawai ya tilasta mini yin su, domin a rubutu kana iya cewa “mayaƙa suka fito” ka wuce, a fenti kuwa dole ka zaɓi launi.

Kammalawa

Mun ga cewa dakali daga taswirar hafsoshin Furusiya ya fito, fenti kuma daga masana'antun Nuremberg da Landan, sa'an nan suka haɗu a hannun mai wasa bayan an ajiye igwar Wells. Ba ina kira mu bar karatu mu koma sayen sojan roba ba ne. Muna yara ma mun gina dawakin laka, mun yi motar kara, ba wanda ya koya mana daga Turai. Roƙona ga Ƙungiya shi ne, a hutun nan mai zuwa kowane ɗalibi da ke da gidan sarauta ko na tsofaffin barade a garinsu ya je da littafi da abin ɗaukar hoto. Ya nemi izini ya ga tsohon sulke da lifidi da sirdi da garkuwa da ke jibge a ɗaki, ya auna, ya rubuta launi da sunan kowane sashe da Hausa, ya tambayi wanda ya gada. A ziyarci Gidan Makama a Kano, a saurari waƙoƙin makaɗan yaƙi da kunnen mai neman kaya da jeri. Gara da asu ba sa jiran kowa, tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani kuma suna ƙarewa. Ni dai akwai dakali goma sha biyu da na yanka na shafe da jar ƙasar Kano, suna kan teburina babu kowa a kai, sai ranar da na sami abin da zan kafa da hujja.